Bununin Zuma da Borin Jini: Tarihin Wata Cuta da Maganin da Aka Jingina Mata



Na san akwai waɗanda da suka ga kan wannan lacca a jikin allon sanarwa suka ce a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da aikin likita? Tambayar tana bisa hanya, saboda haka da ita zan fara. Kwanakin baya wani yayana da ya daɗe yana fama da asma ya zo gidana da wata 'yar kwalba cike da ƙwayoyi rawaya-rawaya kamar tsakin masara. Ya ce an sayar masa da ita a kan cewa garin fure ne da ƙudan zuma ya tara, yana ƙara garkuwar jiki, yana kuma raba mutum da atishawa da toshewar ƙirji har abada. Abin da ya kawo shi wurina shi ne in fassara masa rubutun Turancin da ke jikin kwalbar. Da na zauna zan yi, sai kalmomi biyu suka tsaya mini, kuma neman asalinsu ne ya ja ni cikin tarihin da zan gabatar yau. Ni ba likita ba ne. Bin sawu zan yi, in nuna yadda aka gano cutar, da yadda aka yi har abin da ke haddasa ta ya koma ana tallansa a matsayin maganinta.

Kalmomi Biyu

Kalma ta farko ita ce sunan abin da ke cikin kwalbar. A nan ban sha wuya ba, domin manomi ya riga ya raɗa masa suna. Duk wanda ya taɓa ratsa gonar gero a tsakiyar damina, sa'ad da kai ya fito, ya san wannan gari mai laushi da ke bin riga da gashin ido. Sunansa bununi. Shi ne rabon namiji a haihuwar tsiro, wanda in bai sauka a kan macen fure ba, ba a samun ƙwaya. Mutanenmu ba su jahilci wannan ba. Bahaushe yana cewa namijin gwanda da namijin dabino, kuma masu lambun dabino a ƙasar Azbin da hannu suke kai furen namiji kan mace. A Turai kuwa sai a shekarar 1694 wani Bajamushe, Camerarius, ya tabbatar da jinsin tsirrai ta hanyar gwaji. To, abin da ke cikin kwalbar yayana bununi ne da aka karɓe daga ƙafar ƙudan zuma, don haka zan riƙa kiransa bununin zuma.

Kalma ta biyu ta fi wuya. Wani likitan yara na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1906 daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai ma'anar "dabam", ɗaya mai ma'anar "aiki". Nufinsa shi ne jiki ya sake yadda yake karɓar abu bayan ya taɓa haɗuwa da shi. In muka ari kalmar kamar yadda muka ari asibiti da likita, abin da za ta zama a bakin Bahaushe shi ne "alaji", wannan suna kuwa, kamar yadda kuka sani, yana da masu shi, kuma ba za su ji daɗi a ce alaji ne ya hana yaro barci ba. Saboda haka na koma ga abin da iyayenmu mata ke faɗi idan yaro ya ci wani abu jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu yana ƙaiƙayi. Cewa suke yi borin jini. Na sani a bakinsu sunan ya fi tsayawa a kan kumburin fata, amma ina ganin ya cancanci a faɗaɗa shi ya ɗauki cutar duka, da ta hanci da ta ƙirji da ta fata. Nan gaba kaɗan za ku ga dalilina.

Daga Murar Wardi Zuwa Zazzaɓin Ingirici

Rubutu mafi daɗewa da aka keɓe wa wannan cuta na likitan nan ne na Farisa, Abubakar al-Razi, wanda ya rasu wajajen shekarar 925. Ya rubuta wata 'yar risala a kan dalilin da ya sa mura ke kama malami Abu Zaid al-Balkhi kowace bazarar ƙasarsu idan ya shaƙi wardi. Bayansa da ƙarni shida wani likita mutumin Italiya, Leonardo Botallo, ya ba da labarin irin wannan a 1565. Dukkansu ƙamshin furen suka tuhuma. Ku riƙe wannan kuskure, gama shi ne zai dawo mana a wata siffa: mutum yakan ɗora laifi a kan furen da idonsa ya gani, ya ƙyale ciyawar da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

A shekarar 1819 wani likitan Ingila, John Bostock, ya tsaya gaban ƙungiyar likitoci a Landan ya bayyana ciwon wani majinyaci da ke fama da ƙaiƙayin ido da atishawa da nauyin ƙirji duk watan Yuni tun yana ɗan shekara takwas. Majinyacin shi ne Bostock kansa. Ya ƙara shekara tara yana cigiya kafin ya haɗa mutum 28 masu irin ciwonsa, ya buga bayaninsu a 1828. Wannan adadi abin lura ne, domin cutar da a yau ke damun miliyoyin mutane a Ingila, a wancan zamani sai an yi cigiya. Jama'a suna kiranta zazzaɓin ingirici, don takan zo ne lokacin yankan ciyawar dabbobi, amma shi Bostock zafin rana ya zarga.

Wanda ya warware zaren shi ne Charles Blackley, likita a Mancesta, shi ma mai ɗauke da cutar. A cikin dukkan mutanen da zan ambata yau babu wanda ya fi burge ni kamarsa, domin ba shi da ɗakin bincike, ba shi da majinyata masu yarda a yi gwaji da su, sai jikinsa. Shekara da shekaru yana ɗaukar duk abin da ake zargi, ƙura da ƙamshi da zafi da sauransu, yana gwadawa a kansa ɗaya bayan ɗaya. Yakan shaƙa bununi a hanci, ya ɗiga a ido, ya jira ya ga abin da zai faru ya rubuta. Wata rana ya ɗan karce fatarsa ya shafa bununin ciyawa a wurin, nan da nan ya kumbura ya yi ja. Wannan karce shi ne kakan gwajin fata da asibitoci ke yi har yanzu. Bai tsaya nan ba. Ya shafa wa 'yan gilasai abu mai danƙo ya ajiye a waje, kullum yana ƙirga ƙwayoyin bununin da suka maƙale ta madubin likita, sai ya ga ranar da ƙirgen ya yi sama ita ce ranar da hancinsa ya fi zuba. Har filfilon takarda irin na yara ya ɗaura wa gilasan ya tura sama fiye da ƙafa dubu, ya tarar bununin can ya fi na ƙasa yawa. Ya buga littafinsa a 1873.

Abu biyu suka fito daga aikin Blackley. Na farko, bununin da ke kawo ciwon shi ne mara nauyi, wanda iska ke ɗauka, irin na ciyawa. Na biyu kuma, ya lura manoma, waɗanda suka fi kowa wanka da bununi, su ne ciwon bai cika kamawa ba, sai 'yan birni da masu karatu. Ya yi tsammanin yawan cuɗanya ne ke sa jiki ya saba. Na tuna da wannan magana shekarar farko da na yi a ƙasar Turai wajen karatu. Ni da na tashi ina ɗaurin gero ban taɓa atishawa a gona ba, sai ga ni a watan Yuni a bakin laburare ido ya yi ja, ina share hanci kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Karen da Ake Kira Neptune

Har zuwa ƙarshen ƙarni na sha tara likitoci sun ɗauka garkuwar jiki alheri ce zalla. Zamanin Pasteur ne da Koch, kowa ya ga yadda allurar rigakafi ke koya wa jiki faɗa da cuta. A shekarar 1901 Sarkin Monako, Albert na Ɗaya, ya gayyaci masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, cikin jirgin ruwansa don su binciki dafin wata halittar teku mai harbi. Da suka koma Faris suka ci gaba da aikin da dafin wata 'yar'uwarta, da nufin su yi wa karnuka rigakafi. Suka yi wa wani lafiyayyen kare mai suna Neptune allurar dafin kaɗan, bai nuna wata damuwa ba. Bayan 'yan makonni suka sake yi masa kaɗan, suna sa ran jikinsa ya riga ya saba. Nan take karen ya faɗi, numfashi ya sarƙe, kafin rabin sa'a ya mutu. Suka buga labarin a 1902, suka kira abin anafilaksis, watau kishiyar kariya, kuma a kansa aka ba Richet kyautar Nobel a 1913. Mu sai mu kira shi babban borin jini.

Daga nan bincike ya yi sauri. A 1910 Henry Dale da abokin aikinsa Laidlaw suka nuna cewa wani sinadari mai suna histamin yana haifar da alamomi irin na karen nan. A 1921 kuma aka yi gwajin da na yi muku alkawari. Wani likita Bajamushe, Carl Prausnitz, yana da abokin aiki, Heinz Küstner, wanda jikinsa ba ya shiri da dafaffen kifi. Prausnitz ya ɗebi ruwan jinin Küstner ya yi wa kansa allura a fata, kashegari ya sa ruwan kifi a daidai wurin, sai wurin ya kumbura, alhali shi da kifi ba su taɓa samun saɓani ba. Ashe dai abin a cikin jini yake, har ana iya ɗaukarsa daga wani a kai wa wani. Tsohuwar da ta dubi jikanta ta ce borin jini ne, ba ta san Prausnitz ba, amma ba ta yi kuskuren wuri ba. Kalmar bori ma ta zauna daidai, in muka ɗauke ta da ma'anar borin yaro, wanda aka hana shi ƙaramin abu ya faɗi yana birgima.

Sai bayan shekara arba'in da biyar aka kama abin da ke cikin jinin. Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko, Japanawa masu aiki a Denver ta Amurka, suka gano shi a 1966, Johansson da Bennich kuma suka same shi ta wata hanya a Uppsala ta ƙasar Siwidin. A 1968 aka amince da sunansa IgE. Ga yadda abin yake a taƙaice. Karon farko da bununi ya shiga hancin mai wannan hali, jikinsa yakan ɗauke shi a matsayin maƙiyi, ya ƙera masa IgE, waɗanda ke zuwa su maƙale a jikin wasu ƙwayoyin halitta masu ɗauke da 'yan jakunkunan histamin a fata da hanci da huhu da hanji. Ran da bununin ya dawo, sai jakunkunan su fashe. In a hanci ne kawai, atishawa ce. In a huhu ne, asma ce. In kuwa a jiki duka ne lokaci guda, sai maƙogwaro ya kumbura, jini ya yi ƙasa, abin da ya sami Neptune ke nan.

Wannan ya sa maganar "ƙara garkuwar jiki" da ke jikin kwalbar yayana ba ta da mazauni a nan. Mai borin jini garkuwarsa ba rauni ta yi ba, wuce gona da iri ta yi. Karen da ke cizon 'yan gida ba ƙarin haƙori yake bukata ba, horo yake bukata.

Horon Leonard Noon

Horon kuwa an samo shi tun 1911, a asibitin St Mary's da ke Landan. Wani matashin likita, Leonard Noon, ya jiƙa bununin wata ciyawa ya tace, ya riƙa yi wa majinyata allurar ruwan tun kafin lokacin ciwonsu, yana farawa da ɗan mitsitsi yana ƙarawa sannu a hankali. 'Yar'uwarsa Dorothy ce ke tara masa bununin. Ya kafa ma'auni na awo, yana kuma ɗiga ruwan a idon majinyaci don ya ga ko jiki ya fara sabawa. Noon bai ga ƙarshen aikinsa ba, tarin fuka ya kashe shi a 1913, abokinsa John Freeman ya ci gaba. Wani abin mamaki, fahimtar Noon a kan dalilin aikin kuskure ce, don shi ya ɗauka bununi dafi ne da shi, amma hanyar ta yi aiki. An yi shekara arba'in ana yin ta bisa shaidar baki, sai a 1954 William Frankland da Rosa Augustin suka gwada ta a asibitin nan, wasu majinyata aka ba su allurar gaske, wasu aka ba su ta banza ba tare da sun sani ba, aka tabbatar da amfaninta.

Amma ba ta zo kyauta ba. A 1986 hukumar kula da lafiyar magunguna ta Ingila ta ba da rahoton mutum 26 da suka mutu tun daga 1957 sanadiyyar irin wannan allura, da yawansu masu asma. Daga nan aka hana yin ta sai a inda akwai kayan ceton rai, kuma majinyaci ya zauna a gaban likita bayan allurar. A shekarar ce kuma aka buga gwajin farko na ɗiga maganin a ƙarƙashin harshe, hanyar da ta fi sauƙin hatsari, wadda Amurka ta amince da ƙwayoyinta a 2014. Har su ma, ƙwayar farko a gaban likita ake shan ta. Sharuɗɗan dai ba su sake ba tun zamanin Noon: a san ainihin abin da jikin mutum ke yi wa bori, a auna abin da za a ba shi, a kuma ba shi a inda za a iya cetonsa.

Yadda Ƙudan Zuma Ya Shigo Labarin

Kun lura har yanzu ban ce kome a kan ƙudan zuma ba. Dalili shi ne a makare ya shigo. Masu talla sukan ce tun zamanin Fir'auna ake magani da bununin zuma, amma tarihi bai goyi bayan ciniki irin na yau ba. Har tsakiyar ƙarni na sha takwas babban masanin ƙwari na Faransa, Réaumur, ɗauka yake ƙullin nan rawaya da ke ƙafar ƙudan zuma ɗanyen kaki ne. Wani makaho mutumin Siwizalan, François Huber, wanda baransa François Burnens ke yi masa aikin ido, yana cikin waɗanda suka tabbatar cewa kaki daga jikin ƙudan yake fita bayan ya sha zaƙi, bununi kuwa abincin renon 'ya'ya ne. Ƙudan yakan kwaɓa shi da ruwan fure, ya danna shi a wani gurbi a ƙafafunsa na baya, ya kai gida ya cusa a ramukan saƙa. Gida guda yakan ci kamar kilo 20 a shekara.

Amyar da muka gada, wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe da kashin shanu a ɗaura a reshen ɗorawa ko kuka, ba ta da inda za a tsaya a ƙwace wa ƙuda kayansa. Abin da mai amya ke sauko da shi da dare, bayan ya sha hayaƙi da harbi, saƙa ce. In an matse ta, ɗan bununin da ke ciki yakan bi zumar, kuma haka kakanninmu suka sha shi, a cikin zuma, ba a ware ba. Ware shi sai da aka sami amyar akwati, wadda Langstroth ya daidaita a Amurka a 1851, sa'an nan wajajen 1930 zuwa 1940 aka ƙera wani tarko mai ƙananan huji da ake sawa a ƙofar amya. Ƙuda zai kutsa ya wuce, ƙullin ya karce ya faɗa cikin aljihun tarko. Kayan kasuwar da muke magana a kai bai cika shekara ɗari ba. Darajar da yake tafiya da ita a garuruwanmu aro ce daga zuma, wadda Suratun Nahli ta ambaci warakar da ke cikinta, mai saye kuwa da ya ji an ce zuma sai ya saki jiki.

Kasuwarsa ta buɗe ne bayan 1970. Sa'ad da Lasse Virén na ƙasar Finlan ya cinye tseren mita 5,000 da na 10,000 a wasannin Olamfik na 1972, ya kuma maimaita a 1976, sai aka yi ta yaɗa cewa sirrin 'yan tseren ƙasar bununi ne. Da aka gwada a kan 'yan wasa a Jami'ar Jihar Luwiziyana ba a ga wani ƙarin ƙarfi ba. A 1982 Maughan da Evans suka gwada a kan matasa 20 masu ninƙaya na tsawon mako shida, su ma ba su ga ƙarin ƙarfi ba, sai dai sun ga wani abu da adalci ya sa in faɗa: waɗanda suka sha bununi kwana 4 suka rasa na horo saboda mura, waɗanda suka sha na banza kuwa kwana 27. Mutum ashirin ba su isa a kafa hukunci a kansu ba, amma irin wannan ɗan haske ne mai talla ke mayarwa rana tsaka.

Daga filin wasa abin ya shiga majalisa. Sanata Tom Harkin na jihar Ayowa ya bayyana a bainar jama'a cewa ƙwayoyin bununin zuma sun raba shi da borin jininsa. Shi ne kuma ya tsaya a 1991 aka ware dala miliyan 2 don kafa ofishin binciken magungunan da ba na asibiti ba a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, ofishin da ya girma ya zama cibiya mai zaman kanta a 1998. A 1992 kuwa wani kamfanin bununi na jihar Arizona ya yarda ya biya dala 200,000 bayan hukumar ciniki ta ƙasar ta tuhume shi da da'awar ƙarya, ciki har da cewa kayansa na kawar da borin jini har abada. Bayan shekara biyu, a 1994, Harkin da Sanata Orrin Hatch suka jagoranci dokar da ta ba da damar sayar da irin waɗannan kayayyaki a matsayin ƙarin abinci ba tare da an fara tabbatar da suna magani ba. Kwalabe da yawa da ke iso mana daga ƙetare a ƙarƙashin inuwar wannan doka aka haife su.

Hujjar masu bununi, in an tace ta, hujjar Noon ce aka ara: ka ci kaɗan-kaɗan jikinka ya saba. Sai dai an ari rigar an bar wandon. Ƙudan zuma furanni masu launi da ƙamshi ya fi bi, waɗanda bununinsu ke da nauyi da danƙo, ba su ne ke cika iska ba. Kuskuren murar wardi ke nan ya dawo. Abin da ke cikin kwalba gauraye ne na tsirrai barkatai, na wannan wata dabam da na wancan, na wannan ƙasa dabam da na waccan, babu awo. A lokaci guda kuma ba a rasa abin da zai tayar da bori a ciki, domin ƙuda yakan ɗebi bununin masara da na ciyawa in ya samu, kuma tsirrai 'yan dangi ɗaya sukan yi kama a idon IgE. Cokali guda yana ɗauke da abin da ya ninka wanda hanci zai shaƙa a yini sau da yawa. Tun 1979 likitoci a Amurka suka buga labarin mutum uku masu zazzaɓin ingirici da suka faɗa mummunan bori bayan cin bununin zuma. A 2012 mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta kawo labarin wata mace 'yar shekara 30 da fuskarta da maƙogwaronta suka kumbura, numfashi ya gagara, a karo na biyu da ta sha, sai da allurar adirenalin aka ceto ta. A karo na biyu, kamar Neptune.

Ba na cewa babu kome a cikin binciken. A Japan an nuna a 2008 cewa bununin zuma yana rage fashewar jakunkunan histamin a jikin ɓeraye. A kan zuma ita kanta an sami sakamako mabambanta: a Jami'ar Konetikat a 2002 an raba mutum 36 kashi uku, zumar gida da zumar kanti da ruwan zaƙi mai ɗanɗanon zuma, ba a ga bambanci ba. A Malesiya a 2013 an ba mutum 40 maganin asibiti, rabinsu aka ƙara musu zuma mai yawa, giram ɗaya ga kowane kilo na nauyin jiki kullum, aka ga sauƙinsu ya fi daɗewa. A Finlan a 2011 an ga sauƙi ga waɗanda suka sha zumar da aka zuba wa bununin ainihin itacen da ke damunsu, wanda in kun duba, komawa ce ga sharaɗin Noon na farko. Dukkansu gwaje-gwaje ne ƙanana. Bununin zuma abinci ne mai gina jiki, wannan babu musu, amma wake ma haka yake, kuma ya fi araha.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Tarihin nan duka na ƙasashen da ciyawa da itatuwa ke fure a bazararsu ne. Mu a nan lokacin da atishawa da tari suka fi yawa shi ne hunturu, sa'ad da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ban da ƙura, akwai wani ɗan ƙwaro da ido ba ya gani, mazaunin katifa da matashin kai da darduma, wanda Voorhorst da abokan aikinsa suka gano a Holan a 1964 cewa shi ne asalin borin da ƙurar ɗaki ke tayarwa. Akwai kyankyaso, akwai hayaƙin murhu. Mutumin da ƙwaron katifa ke hana numfashi, ko da hujjar masu talla gaskiya ce, bununin furen wata ƙasa mai nisa ba shi da abin da zai koya wa jikinsa. Abin da na fi jin tsoro ma shi ne mai asma ya ajiye abin shaƙarsa na asibiti don ya sami na zuma.

Na gama fassarar kwalbar yayana a daren nan. Manyan baƙaƙen da ke gaba su ne mai sayarwa ya karanta masa. A baya, can ƙasa, akwai wasu ƙanana waɗanda sai da na sa tabarau. Layi na farko ya ce hukuma ba ta tantance da'awar da ke sama ba, kuma kayan ba a yi shi don warkar da wata cuta ba. Layi na biyu ya ce mai asma ko mai borin jini ya tuntuɓi likita kafin ya sha. Da na karanta masa sai ya yi shiru, can ya ce, "To, Malam ƙarami, su wa suka rage ke nan da za su sha?" Ya tashi ya bar kwalbar a kan teburina, ga ta nan na zo da ita, wanda yake son ya duba rubutun ya same ni bayan an tashi.